Shuɗiyar Motar da Aka Ce In Farfasa

Na ga abubuwa da dama a rayuwata, wasu sun shuɗe har ban iya tuna ko a wace shekara suka faru ba. Amma akwai guda ɗaya da na tabbata zan shiga kabari da shi a zuciyata, wato watanni ukun da na yi ina aikin wata mota a Matameye, da safiyar da na zauna a cikinta ta tashi da ni.

Wannan ya faru ne shekaru kaɗan kafin Nasara su bar mana mulki. A lokacin ina maƙeri, na kusa shekara talatin, da mata ɗaya da ƴaƴa biyu. Ƙirar baƙi na gada wurin mahaifina, wato hauya da lauje da gatari. Amma na yi shekara huɗu a Damagaram wurin kawuna, wanda maƙerin fari ne, a can na koyi zubin tagulla, irin na mundaye da likkafa. Ban ɗauki wannan ilimi a bakin komai ba, don a garinmu hauya ake nema.

Wata rana a tsakiyar damina wani Alhaji ɗan kasuwa ya aiko a kira ni. Mutumin Damagaram ne, yana sayen gyaɗa a wajenmu duk kaka. Ya sayi wata tsohuwar mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, ta wani Nasara da ya daɗe da barin gari, yana so a share ta kafin gyaɗa ta shigo. Da na je sai ya kai ni can ƙuryar mangazar, ya sa aka janye wani ruɓaɓɓen tanti da tsummokaran buhuna.

"Ga aikinka, maƙeri," in ji shi. "Ka farfasa ta, ka kwashe ƙarfen ka yi hauyoyinka. Ni dai wurin nake so."

Na san mota. Kamiyo, wato manyan motocin kaya, na wucewa ta gabanmu kullum, na kuma ga motar kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu. Amma wannan ban san da me zan kwatanta ta ba. Ba ta da rufi. Gajera ce, da ƙyar ta kai ƙuguna, ga dogon hanci wanda ya ci fiye da rabin jikinta, bayanta kuma ya tsuke kamar wutsiyar kifi. Kujera biyu kawai gare ta, matsattsu. Tayunta sun ruɓe sun zube, ɓeraye sun cinye fatar kujerun, kaji sun yi ƙwai a wurin sa ƙafa. Na goge gefenta da hannun rigata, sai shuɗin fenti ya fito, da wata babbar lamba fara.

In faɗi gaskiya, abin da na fara yi shi ne lissafin hauya nawa za ta ba ni. Na ƙwanƙwasa ƙarfen ƙarƙashinta na ji amonsa, raina ya yi fari. Na ce wa Alhaji gobe zan zo da kurfi da masaba.

Kafin goben labari ya zaga gari. Da na iso da kayan aikina sai na tarar da wani dattijo zaune a ƙasa kusa da motar, ya ɗora tafin hannunsa a kan hancinta. Kowa ya san shi a Matameye. Tsohon soja ne, ya yi shekaru a ƙasar Faransi tun kafin babban yaƙi, ya kuma yi yaƙin yana gyaran motocin soja. Da ya dawo ya yi shofer na wani lokaci, sai yanar ido ta fara rufe masa gani, ya ajiye tuƙi. Abin da ke kusa yana ganinsa dishi-dishi, na nesa kuwa sai inuwa.

Na gaishe shi, ya amsa bai juyo ba.

"Kai ne za ka fasa ta?"

"Ni ne, Baba. Alhaji ya ba ni."

"Ajiye masabar tukuna. Zo ka kwance mini wannan maɗaurin."

Na kwance wani busasshen maɗaurin fata da ya ɗaure murfin hancin, muka ɗaga. Ya kama hannuna ya ɗora a kan moter, wato injin, ya ce in goge. Na goge. Har yau in na rufe ido ina ganin abin da ya fito. Farin ƙarfe ne, an yi masa zane ƙanana-ƙanana kamar ɓawon kifi, jere bisa jere, ko ɗaya bai kauce ba. A wurin da ba mai gani. Ni maƙeri ne, na san abin da hannu ke iya yi da wanda ba ya iyawa, na kuma san wannan hannun mutum ne. Wani ya zauna kwana da kwanaki yana ƙawata wurin da murfi zai rufe.

Dattijon ya ce, "Wannan ba motar ɗaukar kaya ba ce, ba kuma ta zuwa unguwa ba. Don tsere aka ƙera ta. Ba ta da wani aiki a duniya sai gudu."

Nan ya ba ni labari. Ya ce yana saurayi ya yi wa wani hafsa hidima a Faransi, hafsan ya tafi da shi kallon tseren motoci. Mutane sun cika gefen hanya kamar ranar idi. Ya ce kafin ka ga motocin sai ka ji ƙasa na rawa a tafin ƙafarka, sannan su wuce, shuɗɗa da jajaye, kafin ka juya wuya sun ɓace. A kowace mota mutum biyu, ɗaya na tuƙi, ɗaya na kula da moter. Ya ce tun ranar bai ƙara ganin abin da ya kai wannan ba, ko a yaƙi. Ita kuwa wannan, tsohon mai gadin mangazar ya cika mana tarihinta daga baya. Ɗan Nasaran da ke da mangazar a da ne ya zo da ita bayan ta gama tserenta a can. An ɗauko ta a jirgin ruwa, sannan jirgin ƙasa har Kano, shi kuma ya tuƙo ta ta garin Ɗan Barto na bakin iyaka. Rani biyu ya yi yana firgita jakunan ƙasar nan, sai wata rana ta yi zafi ta tsaya, aka jawo ta da shanu. Kafin kayan gyara su zo yaƙi ya tashi, aka kira yaron aikin soja, bai dawo ba. Uban ya rufe ta da tanti, bai ƙara buɗewa ba har ya bar gari.

Da Alhaji ya iso, dattijon ya miƙe da sandarsa.

"Alhaji, alfarma na zo nema. Ka ba mu zuwa shigowar gyaɗa. In ba ta tashi ba, ni da kaina zan riƙe wa maƙeri kurfi."

Alhaji ya yi dariya. "Baba, da wane idon za ka gyara ta?"

"Ga idona nan," ya nuna ni. "Da hannuwana."

Ban san an yi wannan shawara da ni ba. Alhaji ya dube ni ya ce ƙarfen ai nawa ne yanzu, in na yarda shi ba ruwansa, amma ranar da kamiyon farko ya sauke gyaɗa, ko ta fita da ƙafarta ko ta fita gunduwa-gunduwa. Lokacin lauje ne ke tafe, lokacin da maƙeri ke samun abin da zai ci rabin shekara. Na sake kallon zanen nan na jikin moter, na ji bakina ya ce na yarda.

Da na gaya wa matata, ta ce, "To, motar za mu dafa in kaka ta yi?" Ba ta yi ƙarya ba. Na yi mata alkawarin zan riƙa ƙira da safe, mota da rana. Ban cika alkawarin sosai ba.

Muka kwance motar ƙarfe-ƙarfe. Dattijon ya sa aka shimfiɗa tabarmi, duk abin da na cire sai na sa masa a hannu, ya shafa, ya faɗi sunansa da aikinsa, ya ce in ajiye a wuri kaza. Bai taɓa mance inda wani abu yake ba. In na ɗaura wani abu a karkace, daga sautin kawai zai ce, "Kwance, ka sake." Mun wanke komai da kananzir. Abin da ya riƙa ba ni mamaki shi ne rashin nauyi. Duk inda za a iya rage ƙarfe an rage, an huda, an fafe, amma ba a taɓa inda ƙarfi yake ba. Na ga sawun magagari a wurare da yawa, har na gane cewa mai shi bahago ne, daga yadda sawun ya kwanta. Na gaya wa dattijon, ya yi murmushi ya ce, "Ka fara gaisawa da shi ke nan."

A mako na uku muka gano ciwonta. Akwai wani ɗan famfo da ke kora ruwa cikin moter don kada ya yi zafi. A cikinsa akwai wani abu na tagulla mai fikafikai shida, girman tafin hannu. Uku daga fikafikan sun karye, cibiyar ta tsage. Wannan ɗan abu shi ya kwantar da motar shekaru goma sha wani abu.

Dattijon ya daɗe yana juya shi a hannu. Ya ce ba za a same shi a Kano ba, ko a Faransin ma da wuya, don an daina yin irin motar. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Sai na karɓa na duba. Na ce, "Baba, ai wannan zubi ne. Yadda ake likkafa haka aka yi shi."

"Za ka iya?"

"Ban sani ba. Zan gwada."

Na nemo kakin zuma na sassaƙa kamanninsa, ina gwadawa da karyayyen. Na lulluɓe da yumɓu da aka kwaɓa da kashin jaki, na shanya, na gasa har kakin ya narke ya fita. Na narka tsofaffin mundaye da karyayyen abin kansa, na zuba. Da na fasa yumɓun sai ga rami a fiffike ɗaya, iska ta shiga. Na sake. Na biyu ya fito sumul, na kai wa dattijon ina jin kaina. Ya shafa, ya zura shi a gurbinsa cikin famfon, ya girgiza, muka ji ƙwas-ƙwas.

"Ya yi ƙanƙanta, ɗana."

Na mance tagulla na tsukewa in ta huce. A munduwa ba mai kula da wannan, amma a nan kaurin gashi ma magana ne. Ranar na koma gida ban ci abinci ba. Gero ya riga ya nuna, masu neman lauje na zuwa suna samun maƙerata a rufe suna wucewa wurin wani. Na ce a raina ni wane ne da zan yi gasa da wancan bahagon. Matata ce ta ce, "Tunda ka riga ka ɓata mana kaka, ai sai ka ƙarasa." Ta cire munduwar hannunta ta ajiye mini a kan tabarma, don tagullata ta ƙare.

Na uku na yi shi da ɗan girma, sannan na zauna da magagari kwana shida ina ragewa. In na goga sau uku sai in kai wa dattijon ya shafa. A rana ta shida ya zura shi, ya juya da yatsa, abin ya yi ta juyawa shi kaɗai ba ƙara. Ya riƙe hannuna ya ɗan matsa.

Sauran aikin jama'a suka taya mu. Shofer ɗin Alhaji ya samo tayu a Kano daga wata tsohuwar mota. Wani baduku ya ɗinka kujerun da jar fatar akuya, ya yi sabon maɗauri. Gammon ƙarfe ɗaya na ƙarƙashi, mai rage gargada, ya karye, na ƙera wani daga na kamiyo. Da aka zo maganar man moter, dattijon ya ƙi na kamiyo. Ya ce irin waɗannan motoci man zurma suke sha. Mutane suka yi ta dariya, zurmar da ke fitowa a bayan kowane danga. Matata da maƙwabtanta suka tara ƴaƴan, suka daka, suka dafa, suka tace sau uku da ƙyalle.

Gyaɗa ta fara shigowa gari a kan jakuna lokacin da muka gama haɗa ta. Muka turo ta waje da hantsi, aka zuba esansi, wato fetur. Dattijon ya zauna a kujera, ni kuma na kama maniwel, ƙarfen nan da ake juyawa a gaba don ta da mota. Na juya har hannuna ya yi kanta, ko tari ba ta yi ba. Haka muka yi yini biyu. Masu kallo suka ragu. Alhaji ya zo ya tsaya, na ga yana duban ƙofar mangaza. A rana ta uku dattijon ya sa na ciro abin da ke ba da wuta, ya goge wasu ƙananan haƙora a ciki da takarda, ya ce a bar shi a rana har azahar. Muka mayar. Ya ce in yi bisimilla in ja sau ɗaya da ƙarfi.

Na ja. Abin da ya fito daga cikin ƙarfen nan ba irin kukan kamiyo ba ne. Wani sauti ne mai kaifi, kamar ana yaga sabon ƙyalle mai tsawon gari. Na ji shi a haƙarƙarina. Tantabaru suka tashi daga kan mangaza gaba ɗaya, mata suka fito da muciya a hannu. Shuɗin hayaƙi ya tashi da ƙanshin man zurma. Na ga dattijon ya ɗaga kai yana shaƙa, idonsa a rufe. Ya ce, a hankali, "Wannan ƙanshin ne. Shi ne na ranar tseren nan."

Sai maganar wanda zai tuƙa. Shofer ɗin Alhaji ya leƙa ciki ya ce shi yana da iyali. Dattijon ya ce ba ya buƙatar kowa, shi zai tuƙa, ni zan zauna a gefensa. Alhaji ya ce sam, ba zai ɗauki alhakin rai biyu ba.

"Alhaji, hanyar Ɗan Barto na bi ta fiye da yadda zan ƙirga. Ƙafata ta san ta. Abin da ban sani ba shi ne abin da ke kanta yau, wannan kuwa maƙeri zai faɗa mini."

Alhaji ya juyo gare ni. "Kai fa?"

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Amma abin da na zuba da hannuna yana cikin motar nan, ina so in san ko zai riƙe. Na ce zan shiga.

Washegari da rana ta ɗan ɗaga, Alhaji ya tura mutane su faɗa wa ƙauyukan bakin hanya a kama dabbobi. Muka shiga, kafaɗata na gugar tasa. Ya nuna mini wani ɗan famfo a gabana, ya ce in riƙa bugawa don esansi ya hau, idona kuma kada ya bar hanya. In faɗi abin da na gani a gajarce, dama ko hagu.

Da farko a hankali muka tafi, gargadar hanya na kaɗa mu har haƙorana na haɗuwa. Na ce a raina ashe abin duk wahala ce. Da muka bar gidajen ƙarshe ya ce, "Me ke gaba?" Na ce ba komai, hanya ta miƙe. Ya canza bitas, wato giyar mota, ya taka.

Wani abu ya danna ni cikin kujera. Sautin ya hau, ya ƙara hawa, ya wuce inda na zaci ƙarshensa ne. Sai gargadar ta ɓace. Wallahi ɓacewa ta yi, motar ta daina taɓa ramukan, tana bi ta samansu. Iska ta fizge hulata, ta cika mini baki. Gonakin da na sani ɗaya-ɗaya, na wane da na wane, suka haɗe suka zama zare ɗaya. Bishiyar gawo za ta fito can nesa ƙarama, kafin in ce gawo ta wuce. Ban taɓa sanin jikin ɗan Adam na iya tafiya haka ransa na ciki ba. Na ji ina ta ambaton Allah, ba don tsoro kaɗai ba. Na saci kallon dattijon. Mutumin da ke lalube da sanda a kasuwa ya zauna tsaf, hannuwansa na motsi kaɗan-kaɗan, fuskarsa kamar ta mai sallah.

Da na mayar da ido sai ga raƙumi a tsakiyar hanya, da buhuna a bayansa, mai shi na ja yana ƙi.

"Raƙumi. Bi hagu, Baba, hagu."

Bai tambaye ni komai ba. Ya miƙa hannu waje ya ja birki, bayan motar ya ɗan zame, ya mayar da ita, ƙafafun hagu suka hau yashin gefe. Muka wuce har na ga ƙurar da ke gashin gwiwar raƙumin. Sai ya ce, "Mun wuce shi?" Na ce mun wuce. Ya ce, "To buga famfo, ai ka daina bugawa."

Kusa da Ɗan Barto ya tsaya a ƙarƙashin wata tsamiya, bai kashe moter ba. Na sauko. Ya fito ya lalubo hancin motar, ya ɗora tafinsa, ya kara kunne kusa da famfon ruwan ya daɗe yana saurare. Hawaye na bin kumatunsa, ban sani ba ko na iska ne. Ya ɗago ya ce, "Ruwa na zagawa. Ƙarfenka ya riƙe, maƙeri." Sannan ya ce in ba shi ruwa ya sha, mu koma a hankali, don sau ɗaya ya roƙi Allah kuma an ba shi.

Alhaji bai bari an fasa ta ba. Ya sa aka yi mata rumfa a gefen mangaza. A kakar nan gidana mun ci tuwo ba yawa, sai da na yi rani ina ƙira ba hutu kafin mu farfaɗo, na kuma zuba wa matata sabuwar munduwa. Kafin shekara ta zagayo idon dattijon ya rufe gaba ɗaya. Wani lokaci yakan sa a kawo shi rumfar, in tayar masa da ita ya saurara, in kashe. Bayan rasuwarsa wani Nasara ya zo daga Kano ya saye ta, aka ɗora ta a kamiyo. Ranar ina kasuwar Kurni, da na dawo na tarar da rumfa wayam. Alhaji ya ce mutumin ya buɗe famfon ya duba, ya tambaya daga wace masana'anta aka aiko da abin ciki. Da aka ce masa wani mai yin hauya ne a nan garin, bai yarda ba. Ban san inda take yanzu ba, ko tana nan ma.

Na yi shekara arba'in ina ƙira bayan wannan. Abin da na koya shi ne, saura kaɗan in sa masaba a kan aikin da wani ya zuba ransa a ciki, don kawai ban san mene ne ba, kuma saura kaɗan in mutu ban san abin da hannuna zai iya ba. Tun daga lokacin, duk abin da aka kawo mini in fasa sai na juya shi na duba, na tambayi wanda ya fi ni sani. Ko hauya zan ƙera kuwa, nakan gyara har wurin da ƙota za ta rufe, don na ga yadda aikin kirki ke jiran mai gane shi, ko da mai yinsa ya daɗe da barin duniya.